Tsallaka Titi a Rano da Kibiya: Abin da Kimiyya ta Ce Game da Tudun Rage Gudu

Hanyar da ta baro titin Kano zuwa Zariya a Karfi, ta ratsa Bunkure, ta shiga Rano, sa'an nan ta miƙe zuwa Kibiya, hanya ce mai aiki biyu a lokaci guda. Ga direban da ya ɗauko tumatir ko shinkafa daga gonakin rani da madatsar ruwa ta Tiga take shayarwa, hanya ce ta wucewa kawai, kuma babban burinsa shi ne ya isa kasuwa kafin kaya su yi laushi. Ga mutanen garuruwan da ta ratsa kuwa, ita ce ƙofar gida. A bakinta ake saye da sayarwa, ta kanta yara suke tsallakawa zuwa makarantar boko da safe da ta Islamiyya da yamma, ta kanta ake zuwa masallaci da asibiti, ta kanta kuma ake koro dabbobi zuwa kiwo. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna mutum sama da 140,000 a ƙaramar hukumar Rano, da sama da 130,000 a ta Kibiya, kuma mafi yawansu da ƙafa ko keke ko babur suke zirga-zirgar yau da kullum. Duk inda mai wucewa da mai tsallakawa suka haɗu a kan kwalta ɗaya, to, nan ne haɗari yake kwana.

Wannan matsala ba ta kudancin Kano kaɗai ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suke rasa rayukansu a kan hanyoyi kowace shekara, fiye da rabinsu kuma masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya, wato daidai shekarun ɗalibai da sababbin malamansu. Idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace hasara, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci.

Da zarar mota ta buge yaro a cikin gari, abin da aka saba gani a ƙasar nan shi ne matasan unguwa su fito da shebur, su tara ƙasa da duwatsu ko su kwaɓa siminti, su gitta wa titi kunya irin ta gona. Niyyarsu daidai take, domin sun gano ainihin cutar, wato gudu. Inda ake samun kuskure shi ne wajen awo da siffa da wurin da aka sa tudun.

Lissafin gudu

Duk abin da yake motsi yana ɗauke da kuzari, kuma ɗaliban kimiyyar fiziks sun san ƙa'idar: a ɗauki rabin nauyin abu, a ninka da gudunsa sau kansa. Muhimmin abu a nan shi ne wannan “sau kansa”. Idan gudu ya ninka biyu, kuzari ba biyu yake ninkawa ba, huɗu ne. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar haka ita ce a kwatanta bugun mota da faɗowa daga sama. Wanda mota ta buge tana gudun kilomita 30 a awa, tamkar ya faɗo ne daga tsawon mita 3.5. A gudun kilomita 50, tsawon ya kai kusan mita 10, wato bene mai hawa uku. A gudun kilomita 80 kuwa, mita 25 ne. Jikin ɗan Adam yakan iya jure na farko sau da yawa, amma da wuya ya jure na ƙarshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yiwuwar mutuwar mai tafiya a ƙasa tana ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin gudun kilomita 50 da 65.

Akwai kuma lissafi na biyu, na nisan tsayawa. Daga lokacin da direba ya ga yaro zuwa lokacin da ƙafarsa ta taka birki, aƙalla daƙiƙa ɗaya takan wuce, ko da yana cikin hayyacinsa sarai. A cikin wannan daƙiƙa motar tana tafiya ne da cikakken gudunta. A kan busasshiyar kwalta, da taya mai kyau, motar da take gudun kilomita 30 za ta ci mita 8 kafin a taka birki, ta ƙara mita 5 kafin ta tsaya, jimla mita 13. Mai gudun 50 za ta ci mita 14 da wasu 14, jimla 28. Mai gudun 80 tana bukatar kusan mita 58.

Mai karatu ya dubi waɗannan alkaluma da kyau. Idan yaro ya faɗo titi a tazarar mita 14, motar da take gudun 30 za ta tsaya ba ta taɓa shi ba. Wadda take gudun 50 kuwa za ta iske shi kafin ma direba ya taka birki, wato da cikakken gudunta. Bambancin kilomita 20 ne kawai a kan agogon mota, amma shi ne bambancin tsorata da jana'iza. Lissafin nan kuma na hanya mai tsabta ne. Inda rairayi ya kwanta a kan kwalta, kamar yadda yake yi bayan ruwan sama, ko inda taya ta suɗe, nisan birki yakan kusan ninkawa.

Shi ma mai tsallakawa yana da nasa lissafin. Faɗin hanya mai hannu biyu yakan kai mita 7.3, kuma babban mutum mai lafiya yana bukatar kimanin daƙiƙa 6 ya tsallake ta. A cikin wannan lokaci motar da take gudun 80 ta ci mita 133. Ke nan dole ne ya hango mota daga nisan da ya fi tsawon filin ƙwallo, ya kuma ƙiyasta gudunta daidai, ta hagu da ta dama. Yaron da bai kai shekara goma ba bai gama ƙwarewa a irin wannan ƙiyasi ba, tsoho kuma ƙafarsa ba ta cika masa abin da idonsa ya yanke. A lokacin hunturu, idan hazo ya sauka, nisan da ido yake kaiwa ma raguwa yake yi.

Me ya sa allo da fenti ba su isa ba?

Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade kilomita 50 a awa a cikin gari. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da hukumar KAROTA ta Jihar Kano, wadda ta zo a 2012, suna da alhakin tsare wannan doka, amma babu hukumar da take da ma'aikatan da za ta ajiye a kowace mahaɗa dare da rana. Ga kuma wata ɗabi'a ta ƙwaƙwalwa da masana suka daɗe da ganowa: direban da ya jima yana gudun 90 a fili, idan ya rage zuwa 65 sai ya ji kamar rarrafe yake yi. Yakan shiga gari yana ganin ya rage gudu ƙwarai, alhali bai rage yadda ya kamata ba. Allon da ke gefen hanya ba ya gyara wannan ji.

Zanen fari da baƙi na tsallaka titi, mai kama da jikin jakin dawa, an fara amfani da shi a hukumance a garin Slough na Ingila a 1951. Yana da amfani wajen nuna wa jama'a inda za su bi, sai dai shi kaɗai ba ya kare kowa. Wani babban bincike a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Charles Zegeer, ya kwatanta matsallaka 1,000 masu zane da 1,000 marasa zane a birane 30. A hanyoyi masu hannu biyu ba a ga bambanci ba wajen yawan waɗanda aka buge. A manyan hanyoyi masu layuka da yawa da cunkoso kuwa, wuraren da aka zana ba tare da wani ƙarin gyara ba sun ma fi haɗari. Fenti yana ba mai tsallakawa ƙwarin gwiwa, amma ba ya taɓa ƙafar direba. Abin da yake taɓa ta shi ne siffar hanyar kanta.

Dogon tudu da gajeren tudu

Abin sha'awa ne cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka fara zana tudun rage gudu masanin fiziks ne da ya ci kyautar Nobel, Arthur Compton, wanda a 1953 ya tsara wa jami'ar da yake shugabanta a birnin St. Louis na Amurka irin wannan tudu, saboda yadda motoci suke sheƙa gudu a harabarta. Amma awon da ya zama abin koyi a duniya ya fito ne daga cibiyar binciken hanyoyi ta Ingila a 1973, inda wani mai bincike, G. R. Watts, ya gwada siffofi iri-iri da motoci iri-iri. Wanda ya fi dacewa shi ne tudu mai lanƙwasa a hankali, tsawonsa ta inda mota take bi mita 3.7, tashinsa sama kuma santimita 10 kacal. A yau ma an fi son santimita 7.5.

Mita 3.7 ya fi tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya na ƙaramar mota. To me ya sa dogon tudu mai ɗan tashi ya fi gajere mai tsini? Amsar tana cikin sifirin da shokozoba. Jikin mota a kan sifirinsa kamar lilo yake, yana hawa da sauka kusan sau ɗaya a daƙiƙa. Kunyar simintin da faɗinta bai wuce santimita 30 ba, idan mota ta hau ta da gudun kilomita 60, taya takan wuce ta cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa. Lokacin ya yi kaɗan jikin motar ya amsa. Taya da sifirin su ne suke shanye bugun, direba kuma ƙara kawai yake ji. Shi ya sa direbobin da suka gane wannan, musamman masu manyan motoci da masu doguwar ƙafa, suke ƙara wuta idan sun hango irin wannan kunya. Wanda yake wahala shi ne mai bin doka da ya rage gudu, wanda ƙasan motarsa yake gurzar siminti, da ɗan acaɓa da ya ɗauko mace da goyo, wanda tudun da bai gani ba cikin dare yana iya watsar da su.

Dogon tudu akasin haka yake aiki. A gudun kilomita 30 taya takan ɗauki kusan rabin daƙiƙa a kansa, lokacin da ya isa ya ɗaga jikin motar gaba ɗaya. Ɗalibi zai iya lissafa sauran da kansa. Bayan tudun Watts yanki ne na da'ira wadda nisan tsakiyarta zuwa bakinta ya kai kimanin mita 17. Fizgar da mai hawa yake ji ita ce gudu sau kansa, a raba da wannan nisa. A gudun kilomita 25, wato kusan mita 7 a daƙiƙa, amsar ita ce 2.8, ƙasa da sulusin jan da ƙasa take yi wa kowane abu, wanda yake 9.8. Wannan ɗan lilo ne da ba ya damun kowa. A gudun kilomita 50 amsar ta haura 11, ta zarce jan ƙasa, ma'ana fasinja zai tashi daga kujerarsa. Lissafin bai sa aikin sifirin a ciki ba, amma ya nuna ƙa'idar: tudu mai kyau shi ne wanda yake sassauta wa mai tafiya a hankali, yake ƙara tsanani gwargwadon ƙarin gudu. Kunyar unguwa tana hukunta mai haƙuri ne, ta saki mai gaggawa.

A wurin tsallakawa, abin da ya fi shi ne a haɗa tudun da matsallakar su zama abu ɗaya. Ana ɗaga hanyar da santimita 7.5 zuwa 10, a yi mata gangara mai sauƙi ta kowane gefe, a bar samanta a shimfiɗe na tsawon 'yan mitoci, har zuwa shida inda bas da manyan motoci suke bi, sa'an nan a yi zanen a kai. Ta haka wurin da mota ta fi rage gudu shi ne daidai wurin da yaro yake sa ƙafa. Inda hanya take da faɗi, ɗan dakali a tsakiyarta mai faɗin kamar mita 2 yakan raba tsallakawa gida biyu, mutum ya fuskanci hannu ɗaya, ya huta, sa'an nan ya fuskanci ɗayan.

Tudu kuma ba ya zama shi kaɗai. Kuskure ne babba a dasa shi a fili inda motoci suke gudun 90 babu gargaɗi. Tun daga bakin gari ake fara saukar da gudu mataki-mataki: allo, sai jerin ƙananan layuka masu ɗan tashi da suke sa mota ta yi gurnani ta farkar da direba, sai alamar shiga gari da take sa hanya ta yi kamar ta tsuke, kafin a iso tudun farko. Dole ya sha fenti mai ƙyalli, dole a bar wa ruwa mafita don kada ya kwanta ya ci kwalta, dole kuma a toshe gefen hanya, in ba haka ba babura da ƙananan motoci za su zagaye ta inda masu tafiya a ƙasa suke.

Akwai gyara ɗaya da ba ya cin ko buhun siminti. A garuruwa irin su Rano da Kibiya, mahaɗa ita ce tashar wucin gadi: nan motocin haya suke lodi, nan masu A Daidaita Sahu da 'yan acaɓa suke jiran fasinja, nan masu talla suke kasa kaya. Yaron da tsawonsa bai kai rufin mota ba, idan ya fito daga bayan motar da ke tsaye, ba ya ganin mai zuwa, mai zuwa ma ba ya ganinsa. Matsar da wurin lodi da 'yan mitoci goma daga matsallaka yana mayar wa direba daƙiƙar da lissafin baya ya nuna ita ce komai. Wannan ba aikin injiniya ba ne, aikin zama ne da shugabannin ƙungiyar direbobi da na 'yan kasuwa.

Abin da aka gani a Gana da Tanzaniya

Ba sai an je Turai ba kafin a ga shaida. A mahaɗar Suhum da ke kan babbar hanyar Akra zuwa Kumasi a ƙasar Gana, wurin da ya yi ƙaurin suna wajen haɗari, an shimfiɗa irin waɗancan layuka masu gurnani. Binciken Francis Afukaar na cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Kumasi ya nuna cewa tsakanin Janairun 2000 da Afrilun 2001 haɗurra sun ragu da kimanin kashi 35 cikin ɗari, mace-mace da kashi 55, munanan raunuka da kashi 76. Aikin bai kai dala 21,000 ba, alhali sake fasalin mahaɗar an ƙiyasta zai ci dala 104,000. Wata goma sha shida gajeren lokaci ne a irin wannan awo, don haka bai kamata a ɗauka kowane wuri zai ba da adadi iri ɗaya ba, amma alkiblar a fili take.

A birnin Darussalam na Tanzaniya, wata ƙungiya mai suna Amend ta ɗauki makarantun firamare ɗaya bayan ɗaya, tana duba ta inda yara suke bi, tana sa tudu da matsallaka da hanyar ƙafa da alluna, wani lokaci ma ta sauya wa makaranta ƙofa zuwa gefen da ba shi da motoci. Da aka kwatanta makarantu 18, rabi an gyara rabi ba a gyara ba, raunukan yara sun ragu da kashi 26 cikin ɗari a waɗanda aka gyara. Irin wannan shaida ce ta sa taron ministoci na duniya a birnin Stockholm, a Fabrairun 2020, ya yi kira da a mayar da kilomita 30 iyakar gudu a duk inda mutane da motoci suke cuɗanya.

Ƙorafin direbobi

Masu adawa da tudu ba su rasa hujja ba. Yana jinkirta motar asibiti, yana wahalar da mai naƙuda da mai karaya, yana farfasa tumatir a kwando, yana cin shokozoba, kuma a wurin da babu jama'a yakan ba ɓata-gari damar tare mota. A Disamban 2024 Ministan Ayyuka na Tarayya, David Umahi, ya ba da umarnin a cire tuddan da aka yi barkatai a kan hanyoyin tarayya, yana mai cewa suna jawo haɗari da ɓata lokaci. Idan aka duba, yawancin waɗannan ƙorafe-ƙorafe a kan gajeren tudu mai tsini suke, wanda aka yi ba awo, ba fenti, ba izini. Maganinsu shi ne a maye gurbinsa da mai kyau a inda ake bukata, domin cirewa kawai tana mayar da yara inda suke tun farko. Batun ɓata lokaci kuwa, lissafi ya rage masa nauyi: ratsa rabin kilomita na tsakiyar gari da gudun 30 maimakon 60 yana ƙara wa tafiya daƙiƙa 30 ne.

Ba kowa ne yake da ikon taɓa hanya ba. Ta tarayya tana hannun Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya, ta jiha tana hannun ta jiha, titunan cikin gari da yawa kuma na ƙaramar hukuma ne. Dokar masarautu ta Yulin 2024 ta haɗa Rano da Bunkure da Kibiya a ƙarƙashin Masarautar Rano, wato ƙananan hukumomi uku da wannan hanya ta ratsa, abin da yake sauƙaƙa wa hakimai da dagatai su kai kuka da murya ɗaya. Sai dai injiniya ya fi saurin amsa alkaluma a kan kuka.

Aikin da ɗalibai za su iya yi

Tara waɗannan alkaluma bai fi ƙarfin ajin kimiyya na babbar sakandare ba. Abin da ake bukata shi ne igiyar awo, da agogon wayar hannu, da littafi. A auna mita 50 a gefen hanya kusa da inda yara suke tsallakawa, a sa alama a farko da ƙarshe. Ɗalibai su tsaya nesa da kwalta, malami yana tare da su, kuma ba cikin taro ba, don kada direbobi su rage gudu saboda ganinsu. Ɗaya ya ɗaga hannu idan mota ta taka alamar farko, na biyu ya danna agogo, ya tsayar idan ta taka ta ƙarshe. A raba 180 da yawan daƙiƙoƙin, amsar ita ce gudun motar a kilomita cikin awa. Daƙiƙa 6 na nufin kilomita 30, daƙiƙa 3.6 na nufin 50, daƙiƙa 3 na nufin 60.

Idan an auna abin hawa 100, a rubuta irin kowanne, a jera su daga mai ƙaramin gudu zuwa mai babba. Gudun na 85 a jerin shi ne adadin da injiniyoyin hanya suke aiki da shi, domin yana nuna yadda hanyar take sa yawancin direbobi su yi, ba abin da mahaukaci ɗaya ya yi ba. Wata ƙungiyar kuma ta ƙidaya masu tsallakawa a cikin rabin awa kafin shiga aji da rabin awa bayan tashi, ta zana a kan taswira ainihin inda suke bi, domin matsallakar da aka gina nesa da turbar da ƙafa ta saba ba mai hawa ta. A maimaita awon ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, da rani da damina. Inda akwai tsohon tudu, a auna faɗinsa da tashinsa a kwatanta da mita 3.7 da santimita 10, a kuma auna gudun motoci mita 100 bayan sun wuce shi. Takardar da ta ƙunshi wannan, da sa hannun shugaban makaranta da na ƙungiyar iyaye da malamai, ita ce za a miƙa wa sashen ayyuka na ƙaramar hukuma da ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra mafi kusa, a ajiye kwafi ɗaya a makaranta don a sake awon bayan an yi gyara.